FILIN MANOMA: Yawan Buhuna Ba Shi Ne Gwaninta Ba

Jama'a, da kaka a kan yi ta gardama a bakin kasuwa a kan wanda ya fi kowa noma. Gardamar nan ba ta banza ba ce, domin wurin wanda aka ce shi ne gwani a ke zuwa sayen iri. Kadan aka yi kuskure, an yi hasarar damina guda.

Ga misali. Wani manomi a ƙauyen tudu ya sami masara buhu 14 a eka, wani a ƙauyen fadama ya sami 16. Irin wa za ka saya? Kowa zai ce na mai 16. To, a dakata tukuna, a gwada kowannensu da maƙwabtansa.

Da fari a nemi matsakaici. A ce gonaki biyar na tudu sun ba da buhu 7, 9, 10, 11 da 13 a kowace eka. Jimla 50 ke nan. A raba biyar, matsakaici ya zama 10.

Sa'an nan a duba yadda gonakin su ka warwatsu. Nisan kowace daga 10 shi ne 3, 1, 0, 1, 3. A ninka kowace lamba da kanta, a sami 9, 1, 0, 1, 9, watau 20. A raba biyar, 4 ke nan. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta ta ke ba da 4? Ita ce 2. Wannan buhu 2 mu kira shi taku ɗaya na ƙauyen.

Yanzu mai 14 ya ɗara matsakaici da buhu 4, watau taku 2. Wannan ƙidayar taku ita ce masu lissafi ke kira makin z.

A ce a fadama kuwa matsakaici 14 ne, takunsu buhu 4. Mai 16 ya ɗara da buhu 2 kurum, rabin taku ke nan.

Me taku ke nunawa? Ku dubi tsibin hatsi a masussuka: tsakiya ta yi tozo, gefe da gefe ya sirance. Haka amfanin gonaki masu yawa ya kan kasance, galibi a tsakiya, gwanaye kaɗan, na baya kaɗan. In ya yi wannan siffa, cikin gona 100 wajen 68 ba su wuce taku ɗaya daga matsakaici ba, ko sama ko ƙasa, wajen 95 kuma ba su wuce taku 2 ba.

Daga nan a ke gane matsayin mutum cikin ɗari. Wanda ke kan matsakaici ya fi 50. Mai rabin taku sama ya fi 69, mai taku ɗaya ya fi 84, mai taku 2 ya fi kusan 98. Wanda ya gaza da taku ɗaya kuwa, 16 kaɗai ya fi.

Kun gani, ashe mutumin tudu ya tsere wa kusan dukan maƙwabtansa, na fadama kuwa ƙasa ce ta taimake shi. Mai gonar tudu ya fara tambayar mai 14 irin da ya shuka, da takin da ya zuba, da ranar da ya yi noman fari.

Irin lissafin nan ne a ke yi a ɗakin awon yara. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, yaron da nauyinsa ya gaza na tsaransa da fiye da taku 2 lalle a duba shi.

Amma a kula da abu uku. Gona biyar don koyo ne, a tara talatin ko fiye. A auna kowace gona da eka, ba da ido ba. Kada kuma a gama amfanin bana da na bara, domin ruwan ba ɗaya ba ne.

Malaman da ke riƙe da littattafan ƙungiyoyin manoma su gwada wannan a garuruwansu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.