Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon Ƙirjin da Ba na Zuciya Ba

Tambaya: Shekaruna 41, ina aikin lodi da sauke siminti a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a Abuja. Tun bayan wani tari da na yi a farkon hunturu nake jin suka a ƙirjina ta hagu, musamman in na ja dogon numfashi ko na ɗaga kaya. A asibiti an yi mini gwajin zuciya da hoton ƙirji, aka ce zuciya lafiya lau, guringuntsin haƙarƙari ne ya kumbura. Yau wajen wata guda ke nan bai sake ni ba. Mai kemis ya haɗa mini ƙwayoyi, abokan aiki kuma sun ce in je a yi mini ƙaho. Mene ne maganinsa na gaskiya? Daga mai karatu a Dei-Dei.

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi daidai da ka fara da asibiti, domin likita ba ya yanke hukuncin cewa wannan ciwo ne sai ya tabbatar ba zuciya ko huhu ba ne.

Mutum yana da haƙarƙari 12 a kowane gefe. Bakwai na sama ba su manne da ƙashin tsakiyar ƙirji kai tsaye ba, guringuntsi ne ya haɗa su, irin farin nan mai ƙurmus-ƙurmus da kake tauna a awazar rago. Shi ke bai wa ƙirji damar buɗewa da rufewa. In ya taɓu, ta dalilin tari mai tsanani ko ɗaukar nauyi ko bugu, sai mahaɗar ta yi tsami. Likitoci na kiran haka kostokondiraitis. Ya fi kama haƙarƙari na 2 zuwa na 5, kuma ya fi yawa a hagu, shi ya sa yake firgita mutane. Alamarsa ita ce in ka danna wurin da yatsa za ka ji zafin nan da ka saba ji. Akwai ɗan'uwansa da wani likitan tiyata Bajamushe, Alexander Tietze, ya bayyana a 1921, wanda shi har kumburi ake gani a waje.

Wata guda bai yi yawa ba. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini nasa na kansa, saboda haka warkewarsa da nawa take. Ga shi kuma ba ya samun hutu: ƙafa in ta gurɗe a ɗaure ta a zauna, amma ƙirji sai ya motsa wajen sau 20,000 a yini saboda numfashi. Yawanci yakan tafi da kansa cikin makonni, wani kuma ya kai watanni. Aikin magani shi ne ya rage maka zafi kafin lokacin ya yi.

Fara da farasitamol: ƙwaya biyu masu miligiram 500, tazarar awa shida, kada su wuce takwas a yini. In bai isa ba, ibuprofen mai miligiram 400 sau uku a yini bayan cin abinci, na mako ɗaya zuwa biyu. Amma mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko hawan jini, ko asma, ko mai juna biyu, kada ya sha sai likita ya yarda. Man shafawa na diclofenac ya fi sauƙi ga ciki. Ka jiƙa tawul a ruwan ɗumi, ka matse, ka ɗora a wurin minti 15 safe da dare. In tari ya taso, rungume matashi a ƙirji. Kada ka ɗaure ƙirjin tamau da rawani ko bandeji, zai hana huhu buɗewa.

Haɗin mai kemis shi ya fi damuna. Ƙwayoyin da aka zubo maka a farar leda, ba kwali ba suna, sau da yawa ibuprofen ne da diclofenac da piroxicam a tare. Dangi ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin zubar jini a ciki da lalacewar ƙoda, balle ga mai aikin ƙarfi a rana yana zuba gumi. Wani mai kemis ma yakan jefa tiramol a ciki. Shi kuwa zai danne zafin har ka koma ɗaukar buhu mai kilo 50 kamar ba komai, ciwon ya ƙara taɓuwa, jiki kuma ya saba da shi ya ƙi saki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba shi da aiki a nan. Ka koma ka ce ya nuna maka kwalin kowace ƙwaya. Wadda ba ta da suna, bar masa abinsa.

Ƙaho kuma, da girmamawa ga wanzamai, fata yake ja, bai kai ga guringuntsi ba. Babu mataccen jini a wurin da za a fitar. Abin da za ka ƙaru da shi tsaga ce a kan wurin da dama yake ciwo.

Na san abin da ya fi wuya shi ne in ce ka huta, tunda in ba ka ɗauka ba, ba a ɗora tukunya a gida. Duk da haka ka roƙi mai gidanka ya mayar da kai ƙirgen kaya ko tsaron shago na mako biyu zuwa uku. In za ka koma, fara da rabin abin da ka saba, ka durƙusa da gwiwa ka ɗaga kayan a jikinka, kada ka murɗa ƙirji da nauyi a hannu. Da zafin ya lafa, ka riƙa tsayawa a bakin ƙofa, ka dafa gefe biyu, ka turo ƙirji gaba a hankali ka saki.

In an ƙara wata guda babu sauƙi, koma asibiti. Akwai allurar da ake yi a mahaɗar, ta rage kumburi da kashe zafi, akwai kuma sashen gashin ƙashi. Tarin ma a duba shi: wanda ya wuce mako biyu, musamman da rama ko zufar dare, a gwada majina, kuma gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Gwajin da aka yi maka wancan watan na wancan ciwon ne, bai wanke zuciyarka har abada ba, kuma mutum na iya samun biyun a tare. In ka ji nauyi kamar an danne ƙirjin, ko zafin ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi, ko gumi mai sanyi, ko numfashi ya gaza, ko jiri, ko zazzaɓi, ko jini a tari, kada ka tsaya shafa mai. Mai sikila ma kada ya jira da kowane irin ciwon ƙirji. Daga Dei-Dei, Babban Asibitin Kubwa na kusa. Akwai kuma Asibitin Ƙasa a tsakiyar birni da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Wani ya tuƙa ka, ko a kira 112, kuma ka tafi da takardar gwajin zuciyar farko domin a kwatanta da sabuwa.