Ɗingishin da ke fitowa daga ƙugu: abin lura ga masu shanun huɗa da bajimai

Ƴan uwa makiyaya, idan sa ya fara ɗingishi da ƙafar baya, a fara duba kofato, domin can ne mafi yawan ɗingishi ke fitowa: ƙaya, tsakuwa ko ruɓewa. In an wanke kofaton ba a ga komi ba, sai a ɗaga ido zuwa ƙugu.

A gaɓar ƙugu, kan ƙashin cinya a mulmule yake, yana zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo, kowanne da guringuntsi mai santsi a fuskarsa. Wani maraƙin ana haihuwarsa da gurbin da ba shi da zurfi, ko kan ƙashin bai mulmulu daidai ba. Duk takun da ya yi, ƙashin na bugun bakin gurbin. A hankali guringuntsin ya cinye, ƙashi ya koma gugar ƙashi, gefen gaɓar ya tsiro da ƙarin ƙashi. Wannan shi ne amosanin gaɓa. Ana gadon wannan tawaya, kuma an fi saninta a shanun Turai masu nauyi irin su Charolais da Hereford, musamman maza. A namu shanun, abin da na fi gamuwa da shi a karkarar Magarya da Dungas shi ne gaɓar da aiki ya cinye: an ɗaura wa ɗan sa karkiya tun ƙashinsa bai ƙosa ba, ya yi huɗa da damina, ya ja amalanke cikin rairayi da rani, ga ƙarancin abinci.

Ku sa a kora san a ƙasa mai tauri, ku tsaya bayansa. Takunsa gajere ne, yana jan ƙafar, naman katara ɗaya ya zube idan aka gwada da ɗayan. Ku ɗora tafin hannu a ƙugun yana tafiya, wani lokaci za ku ji ƙas-ƙas. Tashi daga kwance na ba shi wuya, bajimi kuma ya daina hawan saniya. Masu saye a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ku yi wannan gwaji kafin ku biya.

Gocewar ƙugu daban ce. Farat ɗaya take zuwa, bayan santsi a dandamalin rijiya ko wajen barbara, ƙafar ta zama kamar ta gajarce. A kira ma'aikacin kiwo a ranar. In aka kwana biyu, mayar da ita ya yi wuya.

Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa. Allurar oxytetracycline da ake saye a kasuwa ta ƙwayoyin cuta ce, a nan asarar kuɗi ce kawai. Lalas ma ciwo yake ƙarawa a kan ciwo. Maganin rage zafi irin meloxicam na sauƙaƙa masa, amma likitan dabbobi ne zai ba da shi, ya faɗi kwanakin da za a jira kafin yanka.

Shawarata: a sauke masa karkiya, a turke shi a wuri mai laushi, a ba shi harawa da dusa, a sayar tun yana iya tashi da kansa. Wanda ya fara ɗingishin ƙugu tun yana maraƙi kuwa, a dandaƙe shi, kada ya yi barbara a garke ko da ƙahonsa da launinsa sun burge ku.