Makaman Ɓoye na Bakteriyar da ke Kashe Kifi

Duk wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa ya san wata cuta mai sa gyambo a jikin kifi, gindin fukafukinsa ya yi ja, cikinsa ya kumbura, kafin kwana kaɗan a tarar da shi yana yawo bisa ruwa matacce. Sau da yawa bakteriyar da ake kira Aeromonas hydrophila ce ke haddasa wannan ɓarna. Abin mamaki shi ne, wannan bakteriya tana zaune a koguna da tafkuna da dama, har ma a cikin hanjin lafiyayyen kifi, ba ta yi masa kome ba. To, me ya sa wata ke kisa, wata kuwa ba ta yi?

Amsar tana cikin ƙwayoyin gado. Kamar yadda ɗalibai suka sani, ƙwayar gado wani yanki ne na sinadarin DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin. Waɗansu daga cikin umarnin nan na ƙera makamai ne, su ne masana ke kira ƙwayoyin gadon tsananin cuta.

Bari mu ɗauki guda, wadda ake wa laƙabi da aerA. Ita ke ƙera dafin da aka raɗa wa suna erolaisin a 1974. Bakteriya takan fitar da dafin nan a kwance, ba ya iya cutarwa, kamar wuƙa a cikin kube. Sai ya manne a fatar ƙwayar jikin kifi, sannan sinadaran jikin kifin da kansu su datse wani sashe nasa. Wato dai kifin ne ke zare wa maƙiyinsa wuƙa. Daga nan guda 7 na dafin su haɗu su yi zobe, su huda fatar. Gishirin da ke cikin ƙwayar ya tsiyaye, ruwa ya kwarara ciki, ta kumbura ta fashe. Idan haka ta sami jajayen ƙwayoyin jini da na jijiyoyi masu yawa, sai a ga jan nan da gyambon da muka ambata.

Ba kowane makami ne dafi ba. Bakteriya ba ta hayayyafa sai da sinadarin ƙarfe, shi kuwa jikin kifi yana ƙulle ƙarfensa a cikin wani furotin na jini. A 1980 Jorge Crosa, wani masani a Amurka, ya nuna cewa Vibrio anguillarum, mai kashe kifayen teku, tana da wani ɗan zoben DNA na daban, wato filasmid, mai haruffa wajen 65,000. A kansa ne umarnin ƙera sinadarin da ke fizge ƙarfen yake. Idan zoben ya ɓace, ƙarfin cutar ya ragu ƙwarai.

Haka nan Aeromonas salmonicida, mai addabar kifin salmon a ƙasashe masu sanyi, kan yi asarar sulkenta da allurar da take tsira wa ƙwayoyin kifi idan aka raine ta a zafin da ya haura digiri 25.

A nan akwai wurin da ya kamata malamai su ja hankalin ɗalibai. Yau da na'urar PCR cikin sa'o'i kaɗan ake gano ko bakteriya tana ɗauke da aerA, shi ya sa ake yawan gaggawar yanke hukunci. A ganina wannan kuskure ne, domin samun makami a ɗakin mutum bai tabbatar da shi ya yi kisa ba. A 1988 Stanley Falkow ya shimfiɗa ƙa'ida: a lalata ƙwayar gadon da ake tuhuma, a ga ko cutar ta yi sauƙi, sannan a mayar da ita, a ga ko ta dawo da ƙarfinta.

Kuma ko makamin na nan, ba kullum ake zare shi ba. Aeromonas hydrophila tana sakin wani sinadari a ruwa wanda da shi take gane yawan 'yan'uwanta, sai sun taru sosai take buɗe waɗansu ƙwayoyin gadon masu narkar da tsoka. Cunkoso a kududdufi, da ruɓaɓɓen abinci, da ƙarancin iska a ruwa suna ƙara yawanta, suna kuma raunana garkuwar kifin. Amma akwai irin da ba ya jiran kifi ya raunana sosai. A 2009 wani sabon nau'inta ya ɓulla a gonakin kifi na jihar Alabama ta Amurka, ya riƙa kashe manyan kifaye da suka isa kai wa kasuwa, kuma da aka karanta DNA ɗinsa sai aka tarar yana ɗauke da ƙwayoyin gado da babu su a sauran danginsa.