Bayan Masu Ta'aziyya Sun Watse

Da yawa daga cikinmu muna da dangi a birnin Sakkwato, wasu malaman makaranta, wasu masu sana'a a Babbar Kasuwa. Idan mijin 'yar'uwarmu ya rasu a can, mukan ɗauko gawa zuwa ƙauye, mu kafa rumfa, zumuntar mata ta dafa abinci, a yi waƙa har dare. Wannan mun iya shi. Amma bayan mako biyu takan koma ɗakin hayarta a birni, ta tarar da takalman mijinta a bakin ƙofa, mu kuwa mun koma gona. Daga nan ne nauyin yake farawa.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da takaba ta wata 4 da kwana 10, kowa a unguwa ya san matar tana makoki. Mu ba mu da ƙayyadadden lokaci, shi ya sa muke saurin ɗauka ta warware.

Mu karanta Ayuba 2:11-13. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba. Sai da suka fara neman dalilin wahalarsa ne suka ɓata. Mu ma mukan ce, "Yaya, ki daina kuka, ai yana wurin Ubangiji." Sau da yawa, in mun faɗi gaskiya, mu ne kukan yake damu. Mu bar ta ta yi kuka, ta kira sunansa, ta maimaita labarin ranar da ya rasu ko sau goma ne.

Kada mu ce, "In kina bukatar wani abu ki faɗa." Ba za ta faɗa ba. Iyali su zaɓi mutum ɗaya mai kiranta a waya kowace Lahadi da yamma. A aika mata da dawa ko wake bayan girbi. A sanar da faston ikilisiyar da take sujada a Sakkwato. Dangin miji kuma su ɗauke ido daga babur da keken ɗinki, da su za ta ciyar da yara. Namijin da matarsa ta rasu shi ma yana bukatar wannan kulawa, ba shawarar sabon aure tun kabari bai bushe ba.

Baƙin ciki yakan zo ya lafa, ya sake dawowa a Kirsimeti ko ranar da aka yi rasuwar. Ciwon damuwa kuwa ba ya lafawa. Idan fiye da mako biyu kullum ba ta barci, ba ta cin abinci, ta daina wanka da kula da yara, tana ganin kanta ba ta da amfani, to, tana bukatar likita. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Annabi Iliya ma ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19), kuma abinci da ruwa da barci Allah ya fara ba shi.

Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da asibitin tarayya na Kware, arewa da birnin. Mun sani sunan Kware yakan tsorata mutane, suna cewa wurin mahaukata ne. Alhali akwai masu zuwa su ga likita, su karɓi magani, su koma gida ranar. Mu raka ta da kanmu, mu ci gaba da addu'a tare da maganin.

Idan ta ce gara ta bi shi, mu tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Mu kawar da maganin ƙwari daga ɗakin, kada mu bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

A ƙungiyarmu mu tattauna: su wane ne suka rasa miji ko mata bara a danginmu? Yaushe rabonmu da jin muryarsu?