An ɗaure inji, mota ta ƙi tashi

An sauke injin babbar mota, an canja fiston da ringi, an sa sabon gasket, an ɗaure komai tsaf. Mai mota ya zuba kuɗi, kayan mutane na jira, aka murɗa makulli ta ƙi tashi. A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ta farko: a yi ta buga kik har ya ƙone, ko a shaƙa wa injin fetur, ko a ɗaura igiya a ja ta da wata mota. Don Allah a dakata. Injin da ya ƙi tashi bayan babban gyara, galibi laifin yana inda hannu ya taɓa.

Kafin ka taɓa makulli, sa sifana ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. In ya cije a wani wuri, kada ka tilasta masa. Ko ruwa ya shiga silinda, ko fiston na dukan bawul, kuma kik zai iya lanƙwasa ƙarfe a ciki. In ya juya lafiya amma kik na jan ƙafa, duba batir. Yawancin manyan motocinmu, irin su DAF da MAN, batir biyu suke haɗawa su ba da bolt 24, ɗaya ya raunana ya ja ɗan'uwansa. Wayar as ma ana yawan mantawa da ita, ko a ɗaure ta a kan sabon fenti. Injin gas da zafin matsin iska yake kunna mai, don haka in bai juya da sauri ba, ba zai kama ba.

Yanzu sa yaro ya buga kik, kai kuma ka tsaya ka kalli salansa. Kada bugun ya wuce daƙiƙa 30, a huta minti biyu. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai bai kai ba. Iska ce ta cika layin da aka kwance. A buga famfon hannu, a sassauta noti na kan filta har mai ya fito ba kumfa, a kuma tabbatar an mayar da wayar da ke buɗe wa famfo mai.

In kuwa farin hayaƙi ke fita mai warin ɗanyen gas, to mai na shiga, ƙonewa ce ba ya yi. Nan nake fara zargin taimin. Karanshaf na juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya, ke nan fiston na ɗaya yana hawa sama sau biyu: sau ɗaya yana matse iska, sau ɗaya yana korar hayaƙi. Alamar da ke jikin filawil iri ɗaya take nunawa a duka biyun. Bakanike ya ga alama ta zauna, ya ɗaura famfo, ashe a hawan korar hayaƙi ne. Gane shi ba wuya: buɗe murfin sama, in bawul biyu na silinda ta ɗaya a rufe suke, hannayensu na ɗan motsi, wannan ne hawan da ake so. Tunda murfin a buɗe yake, a sake auna tazarar bawul da ma'auni, ba da ido ba, domin bawul da aka matse yana zubar da matsi. A kuma bi bututan nozul ɗaya bayan ɗaya. A mafi yawan injina masu silinda shida a jere, tsarin shi ne 1-5-3-6-2-4.

Motocin zamani masu kwamfuta hukuncinsu daban. Kada kowa ya sassauta bututun mai inji na juyawa, domin matsinsa yakan haura bar 1,000, yana huda fata. A kawo na'ura ta karanta, sau da yawa sansar karanshaf ce ba a cusa soket ɗinta ba, ko an bar ta nesa da filawil.

Ku leƙa bututun iska ma. Tsumman da aka toshe shi da shi don ƙura yakan kwana a ciki.

Sai an gama duk wannan ne za a auna matsin kowace silinda, sakamakon ne zai ce a sake buɗe inji ko a bar shi. In motar ta tashi, idonka a kan agogon baƙin mai: daƙiƙa goma bai hau ba, kashe ta.