Majigin Jarumawa da Renon Yara

Ya ku iyaye masu bin Almasihu a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, ga 'ya'yanku suna kallon jarumawan majigin Amurka cikin waya, irin su Superman, wanda aka fara buga labarinsa a 1938. Kada ku hana a makance, kada kuwa ku sake musu. Ku zauna tare, ku tambaye su: domin wa jarumin ya ke faɗa? Idan ceton raunana ya ke yi, ku yaba. Idan ramuwa ce, ku tsauta, gama Romawa 12:19 ta bar wa Ubangiji sakayya. Yaron da ya tashi cikin labarin hare-hare yakan ɗauki ramuwa jarumtaka ce. Ku nuna masa Yesu, wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara.