Na'ura Mai Gyara Kanta: Nazari a kan Tatsar Man Wardi

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Wannan maƙala za ta duba yadda masana ilmin injiniya suka ƙera na'urori masu aiki da wannan hikima, tare da kawo misali daga sana'ar tatsar man wardi a ƙasar Bulgeriya. Don sauƙin bayani, za a kira dabarar da sunan "sarrafawa mai sauya salo".

2.0 Yadda Ake Tatsar Man

A kwarin Kazanlak ana tsinkar furen wardi ne cikin watannin Mayu da Yuni, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Akan zuba furen cikin babbar tukunya tare da ruwa, a dafa. Tururin da ya tashi shi ke ɗauke da man, ya bi ta bututun da ruwan sanyi ke kewaye da shi, ya koma ruwa, sa'an nan man ya taso sama a kwashe. Sai an dafa kimanin kilo 3,000 zuwa 4,000 na fure kafin a sami kilo 1 na mai.

Matsalar ita ce, in wuta ta yi yawa ƙanshin ya lalace, in ta yi kaɗan man ya maƙale cikin furen. Haka kuma in bututun ya yi sanyi ƙwarai man ya daskare a ciki, domin yakan sandare da zarar zafinsa ya sauko wajen digiri 20. Ga shi kuwa kakar 'yan makonni ce, kuskurenta ba ya gyaruwa sai baɗi.

3.0 Gazawar Na'ura Mai Salo Ɗaya

Na'urar sarrafawa ta yau da kullum takan auna zafi, ta gwada shi da wanda ake bukata, ta buɗe ko ta rufe hanyar tururi. Tun 1942 Ziegler da Nichols na Amurka suka fito da ƙa'idojin saita ta. Amma saitin na yanayi ɗaya ne. Shi kuwa fure ba ya tsayawa a hali ɗaya: na safiyar da aka yi ruwa ya fi nauyi da laima, tukunyar da aka danƙare ba ta ɗaukar zafi kamar wadda ba ta cika ba, kuma man da ke fita yana raguwa yayin da dahuwa ta yi nisa. Saitin da ya dace da safe sai ya zama kuskure da azahar.

4.0 Sarrafawa Mai Sauya Salo

A 1973 Astrom da Wittenmark na birnin Lund a ƙasar Suwidin suka bayyana na'ura mai saita kanta. Aikinta hawa uku ne. Na farko, tana lura da yadda abin da take sarrafawa ke amsa kowane umurni. Na biyu, tana lissafa halinsa na wannan lokaci. Na uku, tana gyara saitinta bisa lissafin, ta ci gaba da maimaita haka. Cikin shekarun 1970 aka gwada ta a masana'antar takarda da injin niƙa dutsen ma'adini da kuma tuƙin jiragen ruwa.

A tukunyar wardi, irin wannan na'ura za ta gane cewa furen yau yana jinkirin ɗaukar zafi, ta daidaita tururi da ruwan sanyaya bututu ba tare da jiran ma'aikaci ba.

5.0 Kammalawa

Duk da haka dabarar ba ta rasa haɗari. In ma'auni ya ba da labarin ƙarya, na'urar za ta gina gyaranta a kan ƙarya. Jirgin gwaji na Amurka mai suna X-15, wanda ya yi haɗari a 1967, yana ɗauke da irin wannan na'ura, kuma an lasafta ta cikin dalilan tarwatsewarsa. Saboda haka masana kan yi mata iyakar da ba za ta ƙetare ba. Kuma na'ura zafi da gudun tururi take aunawa. Hukunci a kan ingancin ƙanshi yana hannun masu awon sinadarai da gwanayen sansana.